Abin da Na Gani a Idon Mahaifiyarsa

Ni aikina leƙa cikin idon mutane ne. Kar ku yi dariya, da gaske nake. A asibitin ido nake aiki, ɗaki na ƙarshe in ka bi dogon baranda, ɗakin da kullum labulensa a sauke yake don na'urar ba ta shiri da haske. Mutum zai zauna ya ɗora haɓarsa a ɗan matashin na'urar, ya manna goshi, in ce ya kalli koren ɗigon nan kada ya ƙifta. Ina dannawa sai can bayan idonsa ya fito a allon kwamfuta, da'ira ja-ja mai siraran jijiyoyi kamar rassan bishiyar da ta zubar da ganye. Faɗin sakamako ba nawa ba ne, na Likita ne. Amma wanda yake wuni yana kallon abu ɗaya, ko bai so ba sai ya gane lafiyayye da wanda ya fara lalacewa.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san Mai Lema. Ga sababbin zuwa, sunan da na sa masa ke nan a wayata tun ranar da ya miƙo mini lemarsa a bakin titi, shi ya wuce cikin ruwa ko waiwaye babu. Malamin sakandare ne, dogo, ba ya son hayaniya. Gidanmu sun san shi, har Baba ya daina tambayar ko waye in ya ji sallamarsa. Abu ɗaya ne ya tokare mana hanya: mahaifiyarsa.

Hajiya tana da shagon labule da zannuwan gado a jerin shagunan bakin babban titi. Sau ɗaya ya taɓa kai ni na gaishe ta. Ranar doguwar rigata ruwan toka na sa, mai aikin azurfa a bakin hannu, na yi ta canza mayafi a gaban madubi har Yaya ta ce in na fasa fitar in faɗa mata ta ari rigar. Na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa tana kallon gefen kunnena. Na yi murmushi, ba ta mayar ba. Da ta ji inda nake aiki kuwa, sai ta miƙe wai ta bar abu a kan wuta. Tun daga ranar, duk sanda ya ɗauko mata zancen kawunansa su zo gidanmu, sai ta ce a dakata tukuna.

A gida kuma an sa ni a gaba. Mama ta ce ita ba ta haifi 'yar da za a riƙa ajiyewa kamar kayan da aka taya aka ce sai an dawo ba. Yaya kuwa, babbar yayarmu, kullum ta zo sai ta sako zancen wani abokin aikin mijinta, wai mutumin kirki ne, kuma mahaifiyarsa ta rasu. Yadda take faɗin na ƙarshen nan kamar wata shaidar karatu ce da ya ci.

To, wata safiya ina goge na'ura sai Sista ta rako wata mata, tana riƙe da gwiwar hannunta don an ɗiga mata maganin buɗe ido, wanda ke sa komai ya koma dishi-dishi. Ta lulluɓe da ƙaton mayafi ruwan ƙasa har goshi. Ban buƙaci ganin fuska ba. Zoben hannunta na gani, mai koren dutse, wanda na gani a yatsan Hajiya ranar da na je gaishe ta.

Abokin aikina yana hutu, babu wanda zan miƙa wa ita. Na gyara takunkumin fuskata, na ƙanƙantar da murya, na zaunar da ita. Na ɗauki idon dama.

Masu karatu, da na ga hoton sai da na dafa tebur. Ɗige-ɗigen jini ko'ina, da wasu tabo rawaya-rawaya kamar an ɗiɗɗiga kakin kyandir, tsakiyar kuma, inda mutum ke ganin fuska da rubutu, ta kumbura. Aikin ciwon suga ne, yadda yake cin ƙananan jijiyoyi a hankali har su fara yoyo. Nan take na tuna gefen kunnena da ta yi ta kallo. Wanda tsakiyar ganinsa ta taɓu, sai ya ɗan kautar da ido kafin ya iya ganin fuskarka. Ashe murmushin da na yi ta kwana ina jin haushin ba ta mayar ba, ko ganinsa ba ta yi ba.

"Mu koma na hagu, Hajiya," na ce.

Ba ta motsa ba. Ta ɗago haɓarta daga matashin a hankali.

"Muryar nan na san ta."

Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, riƙon da ban zaci tana da ƙarfinsa ba.

"Ke ce."

"Ni ce, Hajiya."

"To ba ki gan ni ba."

Na ce mata abin da ya faru a ɗakin nan ba ya fita, ƙa'idar aikinmu ce. Ta ce ita ba ƙa'ida ta tambaye ni ba, ɗanta take nufi. Na ce ko shi. Sannan ta sake ni ta mayar da haɓarta.

Ni na buɗe wa Likita hotunan, don haka ina tsaye a gefe lokacin da yake mata bayani. Ya ce ruwa ne ke taruwa a tsakiyar idon, kuma akwai allurar da ake yi a idon don ta tsayar da shi, ba sau ɗaya ba, kuma ba abin jinkiri ba ne. Ya ce sai an haɗa da likitan sugarta a daidaita suga da hawan jini. Hajiya ta saurare shi tsaf, sannan ta buɗe jaka ta fito da wata koriyar kwalba ta dire a tebur. Ta ce ita tana da maganinta, na itatuwa ne zalla, ɗanta ke kawo mata.

Likita bai yi mata dariya ba. Ya juya kwalbar ya karanta: tsatson wasu 'ya'yan itace masu duhun launi, da na wani rawayan fure, da ɓawon itace, da ƙwallon inabi. An rubuta wai suna hana ƙwayoyin jiki yin tsatsa. Ya ce ana ta bincike a kan irin waɗannan, wasu na ganin suna iya ɗan tallafa wa ido, shi ba zai ce ta zubar ba muddin likitan sugarta ya duba ya ga ba su ci karo da magungunanta ba. Amma ruwan da ya riga ya taru, ba kafso ne zai janye shi ba. Aka ba ta rana. Ta mayar da kwalbarta jaka, ta fita ba ta kalli inda nake ba.

Da yamma ina ninke wanki a ɗaki sai wayata ta yi ƙara. Mai Lema ne, ya turo hoton sababbin kwalabe jere a kan teburinsa, kusa da tarin takardun ɗalibai.

"Na Umma sun iso. Ta ce tun da ta fara sha har ramin allura take gani. Malamar ido, ba ki yaba mini ba?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. A ƙarshe na tura masa abin da zan iya faɗa wa kowa: cewa duk mai suga, ko me yake sha, dole a riƙa duba masa cikin ido, kuma kafso ba ya maye gurbin magani.

"Ai ta je, an ce lafiya ƙalau. Ke dai kin fiye tsoro."

Ya haɗa da fuskar nan mai dariya har da hawaye. Ni kuwa nawa hawayen na gaske ne suka ɗiga a kan rigar Baba da nake ninkewa.

Ranar allura ta zo, Hajiya ba ta zo ba. Sista ta kira, wayar ta yi ta ruri har ta katse. Na jira Likita ya gama da mutane, na shiga na faɗa masa yadda nake da matar, na tambaye shi ko laifi ne in same ta. Ya ce in zan je, in je a matsayin wadda ta san ta, in yi magana da ita kaɗai, kada kunne na uku ya ji. Ya ce kuma in sani, ido nata ne, ba a yi wa mutum allura dole.

Na tashi aiki na wuce shagon da rigar aikina a ƙarƙashin baƙar abaya. Shagon dogo ne, bandiran yadi a tsaye jikin bango har rufi, ga ƙamshin sabon yadi da turaren Hajiya. A can ciki tela yana ta kan kekensa. Na tarar da wata mata tana neman labule shuɗi mai duhu. Na ga yadda Hajiya ta yi: ba ta nuna ko ɗaya ba, sai ta ce wa matar ta zaga ta taɓa wanda ranta ya kwanta da shi, ai mai ɗaki ita ta san ɗakinta. Da matar ta ɗauko, Hajiya ta shafa shi da yatsu ta faɗi irin yadin da inda ya fi dacewa. Wallahi in ba ka sani ba, cewa za ka yi salon ciniki ne.

Sai da tela ya fita salla na yi sallama.

"Wa ya aiko ki?"

Na ce ba kowa. Na ce an neme ta ba a samu ba, kuma akwai wata ranar a sati mai zuwa.

Ta fara da faɗa, ta ce ban da kunya, yarinya ƙarama ta biyo uwar saurayi har wurin sana'arta. Na bar ta ta gama. Da faɗan ya ƙare sai ta zauna a kan kujerarta mai hannu, muryarta ta sauka. Ta ce tana da yaya da aka taɓa yi wa aiki a ido, daga nan ba ta ƙara ganin rana ba har ta koma ga Allah. Ta ce shagon nan ita ta tsayar da shi bayan rasuwar mijinta, da shi ta yi wa yara karatu, in suka ji halin da take ciki za su kulle shi su ajiye ta a falo kamar tsohuwar kujera. Ta ce ba don ta fara ganin layin yadi yana lanƙwashewa ba, har ta yanka wa wata mata labule a karkace, da ƙafarta ba za ta taka asibitinmu ba. Wani ƙaramin asibiti ta fara zuwa don ta kauce mini, su suka turo ta wurinmu saboda na'urar.

"Shi kuma yaron nan," ta ce, "da murnarsa yake kawo mini kwalaben nan. Gani yake shi ya tsare mini ido. In ce masa me?"

A nan na gane dalilin a dakata tukuna. Ba rigata ba ce, ba gidanmu ba ne. Suruka mai aikin ido ce ba ta so a cikin gida, don kwana kaɗan zan yi in gano ta.

Na matsa kusa na durƙusa. Na ce ban san abin da ya sami yayarta ba, ba zan yi mata ƙarya a kai ba. Amma na san wannan allurar, ina ganin ana yin ta. Ana ɗiga maganin da ke kashe zafi, ba za ta ga tsinin ba, kafin ta gama salati an gama. Na ce ban yi mata alkawarin ganinta zai dawo kamar na 'yan mata ba, amma wanda ya rage ana iya riƙe shi, kuma kullum aka jinkirta raguwa yake. Na ce in ta yarda ni zan riƙe mata hannu.

Ta murza zobenta. Sai ta ce:

"Bari mu yi magana ta manya. Ki bar ni da kafsona, ki kama bakinki, kar ki ƙara zuwa nan. Ni kuma kafin watan nan ya mutu kawunansa za su zo gidanku."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta motsa. Fuskar Mama na hango, da yadda za ta sauke ajiyar zuciya. Na hango bakin Yaya ya mutu. Abin da na daɗe ina roƙo ne aka ajiye mini a tafin hannu, kuma ba a ce in yi ƙarya ba, cewa aka yi in yi shiru, shirun da dama zan yi. Amma sai na hango kaina a gidansu, ina zuba mata shayi, tana lalubar kofi, ni na san dalili, na kuma san da me aka saye ni.

"Hajiya, shiruna kin riga kin same shi, ba na sayarwa ba ne. Ko kin yarda da ni ko ba ki yarda ba, ba zai ji daga bakina ba. Amma zuwa kam zan zo. Ba zan shiga gidanki da kuɗin idonki ba."

"Fita mini daga shago."

Na fita. Washegari na dawo.

Haka muka yi ta yi. In na tashi aiki sai in biya, in jira tela ya fita, in gaishe ta, in tuna mata ranar. Wata rana ta amsa gaisuwar, wata rana ta yi kamar da bango nake. Akwai ranar da na tarar tana laluben almakashi alhali yana gabanta, na tura shi kusa da yatsunta ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba.

Sai ta ɓullo mini ta inda ban zata ba. Ta gaya wa ɗanta wai ina zarya a shagonta ina neman shiga da ƙarfi. Ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo.

"Me kike zuwa yi shagon Umma?"

Na ce gaishe ta nake zuwa yi.

"Kullum? Ba tare da kin faɗa mini ba? Kin san yadda nake lallaɓa maganar nan, yanzu kin ɓata komai."

Na ce ya yi haƙuri, akwai abin da ba zan iya faɗa ba. Ya kira, na ɗauka, ya tambaye ni sau ba adadi mene ne, ni kuma amsata ɗaya. A ƙarshe ya ce bai taɓa zaton akwai abin da zan ɓoye masa ba, ya kashe. Daga nan shiru. Ba saƙon safe, ba na yamma. In na buɗe wayar sai in ga yana kai, amma ba ni yake nema ba.

Mama ta lura, don uwa ba a ɓoye mata kumburin ido. Ta ce in ya gaji ne ya faɗa, ƙofa a buɗe take. Yaya har ta turo mini hoton mutumin nata yana jingine da mota. Na goge hoton, na ɗauki jakata na tafi shagon Hajiya. Ranar ko sallamata ba ta amsa ba. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce gobe ne da safe, zan jira ta, in ba ta zo ba kuma zan nemo mata wata ranar.

Da safen na sa farar rigar aikina da na goge tun jiya, na ɗaura ƙaramin mayafi ruwan hoda, na ce ko ba komai kada a gan ni a yamutse. Na ɗauki mutane hoto ina kallon ƙofa. Rana ta ɗaga, na fara cire rai. Sai na ji muryarta a baranda, da ƙarfinta kamar tana cikin shagonta.

"Ina yarinyar nan mai hoto? Ita ta ce za ta riƙe mini hannu."

Na fito da sauri. Tana tsaye da mayafinta ruwan ƙasa. Wanda ke riƙe da gwiwar hannunta ba Sista ba ce. Mai Lema ne, rigarsa a yamutse kamar a cikinta ya kwana, idanunsa jajur. Ya kalle ni sau ɗaya ya kawar da kai. Ya miƙa mini hannun mahaifiyarsa kamar mai miƙa kaya, ya koma ya zauna a benci.

Muna shiga ɗakin shiri, ana ɗiga mata magani, ta faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa. Jiya bayan tafiyata wani ya tsaya a ƙofar shago, haske na bayansa, bai yi magana ba. Ta ce masa, Malam shigo mana, wane irin labule kake nema? Ashe ɗanta ne.

"Ɗan da na haifa," ta ce. "Na tambaye shi wane labule yake so."

Ta ce a nan tsakiyar yadi ta gaya masa komai. Har da cewa na sani.

Aka kwantar da ita. Na riƙe hannunta, ta matse nawa har zoben ya shiga fatata. Tana ta salati, Likita yana mata hira a kan labulen ofishinsa da ya koɗe. Kafin ta gama ba shi shawarar launi ya ce an gama. Ta ce, shi ke nan? Ya ce na yau ke nan, saura na gaba. Ta ce za ta zo. Ba ta sake hannuna ba sai da Sista ta zo zaunar da ita.

Ina fitowa wayata ta yi motsi a aljihu. Shi ne, daga bencin da bai fi taku kaɗan da ni ba.

"Tun yaushe kika sani?"

Kafin in taɓa komai wani ya biyo.

"Ina turo miki hoton kwalabe kina kallona kamar wawa. Da ta makance fa?"

Na tsaya a barandar ina kallon shatin zoben a hannuna. Yana da gaskiyarsa, uwarsa ce. Amma na san ko yau aka mayar da ni ɗakin nan mai duhu, abin da na yi shi zan sake yi. In zai bar ni a kan wannan, to ya bar ni ya san wadda ya bari.

Ban ba shi amsa a waya ba. Na mayar da ita aljihu, na cire takunkumi, na taka har gaban bencin na tsaya.

"Ɗago ka kalle ni," na ce. "Tambayar nan ba ta waya ba ce."

Ya ɗago.